Shekarar da Na Cire wa Buhu Hula

Ranar sunan 'yar Nasiru, ana cikin cin waina, wani daga cikinku ya sake tayar da maganar filin Gwadangaji. Aka ce da Mama ba ta sayar da shi ba, da yanzu kowa yana da ɗakinsa a can. Aka ce Mama dai in ta kafe ko jirgin ƙasa ba ya ture ta, wai don wani ma'aikacin gwamnati ya zo ya yi mata barazana sai ta kori 'yan kasuwarta da hannunta. Kuka yi dariya, na taya ku, amma na ji zafi. Na daɗe da sanin haka kuka ɗauki labarin, kuma ni na bar ku a kai, don lokacin akwai wanda maganar za ta taɓa. Yanzu Kawunku Bawa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa, sai ku zauna ku ji yadda abin ya faru.

Da babanku ya rasu ya bar mini injin casar shinkafa a bakin hanyar Ambursa, da ku ƙanana, da 'yan dako waɗanda ba su saba karɓar umarni daga bakin mace ba. Ina gama takaba Yaya Bawa ya tattaro iyalinsa daga Argungu ya dawo Birnin Kebbi. Shi ne babban wanmu, shi ya tsaya mana tun rasuwar mahaifinmu, kuma dako ne sana'arsa tun yana saurayi. Ya ce ba zai bar ƙanwarsa ita kaɗai cikin maza su cinye ta da rai ba. Ya zama shugaban 'yan dakon injin, kuma tun da ya zo ba wanda ya ƙara ɗaga mini murya. Mutum ne dogo, mai kauri, marar yawan magana. In ya ɗora buhu a wuya ya doshi mota, yara kan bar wasa su tsaya kallo, shi kuma yana sane, har wani ɗan rangaji yake ƙarawa.

Ku da kuka taso kuna ganin ƙananan buhuna ba ku san buhun wancan lokaci ba. A cika shi da shinkafa har baki, a danna, a girgiza, a ƙara. Sannan a yanko wani ƙyallen buhu a tula masa shinkafa a sama, a ɗinke da basilla. Wannan ƙarin shi muke kira hula. Ɗan kasuwa da buhu yake saye, da buhu yake biyan mota, saboda haka duk injin da ya fi girman hula shi ya fi jama'a. Mutum biyu su kama su ɗora wa na uku a wuya, ya tafi a duƙe, ya hau wani katako mai lilo da aka jingina da bayan mota, ya juya ya sauke. Haka ake yi daga hantsi har rana ta yi sanyi. A wurin 'yan dako kuwa, mutum ya ce a kama masa ko a rage masa, ya fi a zagi uwarsa. Ciwon baya ba ya cikin lissafin ciwo. Sunansa sanyi, maganinsa a ƙara ɗaure ɗamara a sha jiƙo.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an yanke shinkafar rani, na fara lura da Yaya. Ba wani babban abu na gani ba. Wata rana ya sauko daga kan katakon, silifas ɗinsa na hagu ya saɓule, ya ci gaba da tafiya a kan ƙasa mai zafi da ƙafa ɗaya ba takalmi, bai sani ba sai da aka yi masa magana. Daga nan na sa ido. Na ga in zai tashi daga sujada a bayan injin sai ya dafa bango, kuma sai ya waiga tukuna ko akwai mai kallonsa. Na je gidansa na titsiye matarsa Ige a madafi. Da farko ta ce lafiya lau, daga baya ta fashe da kuka. Ta ce kullum da safe sai ya mirgina ya kama ƙafar gado kafin ya miƙe, ƙafar hagun kuma yana cewa kamar ba tasa ba, kuma ya rantse in ta faɗa wa wani a bakin aurenta. Na dawo gida. Na san tsofaffin 'yan dakon da ke zaune a bakin kasuwa ana juya su kamar kayan wanki, na san ta inda suka fara, kuma ta nan ne.

Na yi abin da kowa zai fara yi, wato wauta. Na same shi a gaban yaransa na ce daga yau ya bar ɗauka, ya zauna wurin sikeli ya riƙa duba awo, ai girma ya zo. Ya yi mini wani kallon da bai taɓa yi mini ba.

"Kulu, ni kika ce ma in zamna? Mi kig gani? Ni ba ni cin abincin zamne, ko gidan ubanmu ban ci ba."

Ya juya ya ce a ɗora masa, aka ɗora, ya zaɓi wanda ya fi kowane hula. Ranar ya yi aikin mutum biyu don ya nuna mini, ni kuwa ina tsaye ina jin kowane takunsa a ƙirjina. Asibiti kuwa ko sunansa ban isa in ambata ba.

Ran Juma'a na shiga mota sai Argungu wurin Inna, kakarku. Na same ta tana gyaran kifi a tsakar gida, na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba sai da ta gama da wanda ke hannunta. Ta ce ita ma ta gani tun zuwansa na sallah, uwa ba a ɓoye mata tafiyar ɗanta. Na ce to ta yi masa magana, ai ita yana jin tata. Ta ce in ta yi masa magana zai bi, amma zai bi ne kamar wanda aka yanke wa hannu, baƙin ciki ya kashe shi kafin bayan ya kashe shi. Sai ta wanke hannu ta ce:

"Ke ɗiyar ga, mai kunya ba a miƙa mai akushi shi ɗai. In kina son shi ci, zuba ma kowa."

Na dawo ina juya maganar, ban san ta inda zan kama ta ba. Ba a yi mako biyu ba sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Wani ma'aikaci daga ofishin da ke duba wuraren aiki ya biyo layinmu a kan tsohon babur, siriri, da hular da ta sha wanki har ta koɗe, sunansa Malam Sahabi. Sauran masu injin suka ba shi na goro ya ƙi, suka ba shi kujera a inuwa suka bar shi yana magana da iska. Da ya zo wurina na kawo masa kunun zaƙi, na ce ya faɗa mini duk abin da ya zo da shi. Bawan Allah har ya yi mamaki, ina jin ya daɗe bai samu mai saurare ba.

Ya zagaya ya ga katakon nan mai lilo, ya ga matan da ke tsince tsakuwa a duƙe kan tabarma tun safe, ya gwada ɗaga kunnen buhu ɗaya ya sake shi. Ya ce doka ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin kare jikin wanda ke yi masa aiki, ba sai inji ya cinye hannu kaɗai ake kira rauni ba. Raunin da ke shiga a hankali, na ɗaukar abin da ya fi ƙarfi da na daɗewa a duƙe, shi ma rauni ne, kuma mai wurin ne ya kamata ya toshe hanyarsa tun bai zo ba. Ya ce aiki ake gyarawa ya dace da jikin mutum, mu kuwa mun juya abin, muna lanƙwasa mutum ya dace da buhu. Ya nuna mini inda zan gina dakali daidai tsayin bayan mota, da gangara mai sauƙi, a riƙa turo kaya a baro. Ya ce a raba buhu gida biyu, matan kuma a yi musu tebur da benci. Na tambaye shi in ban yi ba me zai faru. Ya yi ɗan murmushi ya ce gaskiya shi dai aikinsa ya faɗa, babur ɗin ma da kuɗinsa yake zuba masa mai. Ya shanye kununsa ya tafi, kuma daga ranar ban ƙara sa shi a idona ba.

Yana ba da baya na tara 'yan dako da matan tsinta, na ɗaure fuska, na ce kun ga mutumin nan, gwamnati ce ta aiko shi. Na ce doka ta hana buhu mai hula a wurin nan, ta hana katako, kuma in ya dawo ya tarar ba a gyara ba, kwaɗo zai sa wa ƙofa kowa ya tafi gida. Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma ni na ɗinka mata hula, kuma har gobe ban yi nadama ba. Na fake da guzuma na harbi karsana. Cikin wata guda magina suka tayar da dakali, na sayo baro, na yi odar ƙananan buhuna, kafinta ya buga tebura. Na ce wa 'yan dako abin da mutum ke tashi da shi a yini ba zai ragu ba, ni zan cike.

Na ɗauka za a gode mini, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Matan tsinta ne kaɗai suka yi murna, su ma sai da suka yi kwanaki suna naɗe ƙafa a kan bencin kamar a tabarma. 'Yan kasuwa kuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi ba ni ciwo shi ne Alhaji Rasaki, Bayaraben da aka haifa a garin nan, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana, abokin cinikin babanku tun kafin a haifi Nasiru. Ya zo da kansa ya zauna ya yi mini bayani cikin mutunci. Ya ce direba da ƙidayar buhu yake caji, masu tare hanya ma haka, in ya kai kudu kuma masu saye sun saba da babban buhu, in suka ga ƙarami sai su ce an cuce su. Ya ce in mayar da hula ko don marayun da ke gabana, shi zai kawo mini wasu ma. Na ce doka ce, Alhaji. Ya dube ni ya dubi injin maƙwabcina inda ake ta loda masu hula, ya ce to Allah ya kyauta, ya tashi. Bai yi fushi ba, har ya rasu muna gaisawa, amma motarsa ba ta ƙara tsayawa a ƙofata ba.

A tasha kuma aka sa wa yarana suna, wai 'yan dakon Kulu masu ɗaukar lefen amarya. In sun je shan shayi sai a tashi a ba su wuri, a ce a bar su su huta kada jakar ta karya su. Samari biyu suka kasa jurewa suka koma injin maƙwabci. Yaya Bawa kuwa ya cika ya yi fam. Shi da ake nuna shi da yatsa a kasuwa, yau ga shi yana tura baro kamar mai tallan rake. Ya same ni a ofis, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Wagga gwamnati ke ɗai tas sani? Ga maƙwabcinki Alhaji Ummaru can shina loda abinai, ba wanda yat taɓa shi."

Na ce, "Yaya, ni mace ta, kuma ba ni da kowa sama. In anka tashi kamu, da ni za a hwara."

Ya ce in ba shi kwatancen ofishin ya je ya roƙi mutumin da kansa. Na ce ai an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya maye gurbinsa kuma ya fi shi tsanani. Allah ya yafe mini wannan, ban san ko an canja shi ko ba a canja ba. Yaya ya kai ƙarata wurin Inna, ya ce na zubar masa da girma a garin mutane, na kuma kama hanyar rusa abin da mijina ya bari. Inna ta saurare shi tsaf, ta ce ita ba ta san sha'anin gwamnati ba, ya yi haƙuri ya bi, tunda ya yi wa marigayi babanku alkawarin ba zai bar ni ba. Alkawarin nan ne kaɗai ya riƙe shi. Amma daga ranar ya ɗauke mini magana. Gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice, yana kallon gefe. Mutumin da kullum yake zuwa ya ci tuwon dare da ku ya daina taka gidanmu. Kuna tambayata ina Kawu, ina ce muku aiki ya yi masa yawa.

Damina ta shigo, aiki ya ja baya, injin ya koma casar 'yan kwanukan matan unguwa. Ga albashi, ga gas, ga bakunanku. Na sayar da 'yan kunnena, ba su kai ko'ina ba. Dangin babanku suka zo suka ce ko in mayar da hula ko in ba su injin su riƙe wa marayu. A nan ne na sayar da filin Gwadangaji, wanda babanku ya saya da niyyar gina muku gida. Ranar da na sa hannu ban iya cin abinci ba. Nasiru, kai ka fi kowa jin abin, don a shekarar ce na cire ka daga makarantar kuɗi, kuma na ga yadda ka daina haɗa ido da ni. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki, in ce muku saboda bayan Kawunku ne. Amma yaro ba ya riƙe magana, kuma da ta koma kunnensa cewa ƙanwarsa ta sayar da gadon marayu don ta ga ya gaza, wallahi a ranar zai koma Argungu ya ɗauki mai hula biyu. Na zaɓi ku ce mini mai taurin kai, shi ya ce mini matsoraciya, da in wayi gari ana juya shi a kan tabarma.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Sai da kaka ta zagayo sannan masu shaguna na cikin gari suka gane ƙaramin buhu ya fi musu, don ma'aikaci yana iya saye ya ɗora a babur ya kai gida. A hankali muka farfaɗo, ko da yake ba mu taɓa komawa yadda muke ba. Ɗaya daga cikin samarin da suka tafi ya dawo yana dafe da ƙugu, na karɓe shi. Ige ta riƙa kawo mini rahoto a ɓoye: yau ya tashi bai kama gado ba, yau ya je masallaci da ƙafa. Ƙafar hagun ba ta koma daidai ba, ya ci gaba da ɗan ja ta har ƙarshen rayuwarsa, amma ba ta ƙaru ba. Ya dawo cin tuwo gidanmu ba tare da an yi wani sulhu ba, ya shigo kawai ya ce a zuba masa. Maganar buhu kuwa ba mu ƙara tayar da ita ba, sai dai in ya ga baro ya yi tsaki.

Shekaru suka tafi, kuka girma, furfura ta cinye kan Yaya. Sai Allah ya yi wa Inna rasuwa a Argungu, da safe, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina daga cikin zaure ta bayan labule ina leƙen masu zuwa jana'iza. Abokan dakonsa na ƙuruciya sun zo, waɗanda suka tashi tare a kasuwar Argungu. Wani da sanda biyu. Wani an kawo shi a babur, sai da aka ciccibo shi aka ajiye a kan benci, a nan ya yi sallar a zaune. Wani an ce yana gida shekara da shekaru bai fita ba, ya aiko a yi mana gaisuwa. Duk sa'o'in Yaya ne, wasu ma ya girme su.

Da aka sallace ta, samari suka yunƙura za su ɗauki makara, sai na ga Yaya ya ratsa su. Ya duƙa ya kama gaba, ya ɗaga ya aza a kafaɗa, ya miƙe tsaye. Suka bi lungu da ita yana ɗan jan ƙafarsa, ina kallon farin kansa sama da na kowa har suka sha kwana.

Da suka dawo daga maƙabarta bai tsaya wurin maza ba. Ya yi sallama ya shigo cikin gida, ya ratsa matan da ke zaune, ya zo inda nake. Gwiwoyin wandonsa da hannayen rigarsa duk jar ƙasa. Ya tsuguna a gabana, shi da bai taɓa tsuguna wa na ƙasa da shi ba, ya ce:

"Kulu, ni nis shiga ramin. Ni nik karɓe ta, nid duƙa nik kwantar da ita da hannuna. Kuma nim miƙe nih hito, ba wanda yak kama ni."

Ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Allah shi yi maki albarka." Ya tashi ya koma waje.

Tun safe ban yi kuka ba, ina ta hidimar baƙi, sai a lokacin ya ƙwace mini har na kasa zama. Mata suka taru a kaina suna cewa in yi haƙuri, Inna ta yi tsawon rai, ta yi kyakkyawan ƙarshe. Na bar su suna ba ni haƙuri a kan Inna, ban gyara musu ba.